Kamu a Katsina, dina a Daura, sujada da sassafe: nazarin ƙarshen makon wani mai fiyano

Mutumin da wannan nazari ya shafa mai fiyano ne a wata ƙungiyar kiɗan biki da ke cikin birnin Katsina. Bahaushe ne Kirista, asalinsa daga ƙasar Malumfashi, kuma shi ke riƙe da fiyanon cocinsu duk ranar Lahadi. Su bakwai ne a ƙungiyar: shi, da mai jitar bes, da mai jaz (gangunan bature), da mai kalangu, da mawaƙi da mawaƙiya, sai yaron da ke zama a kan miksa (na'urar da ke haɗa sautin kowa tana daidaita shi), wanda kuma shi ne mai ɗora kaya da sauke su. Ba su da waƙar kansu da aka sani. Sana'arsu ita ce rera waƙoƙin da jama'a suka riga suka haddace: na finafinan Hausa, na soyayya da ake yayi, 'yan na Kudu saboda abokan ango, da tsofaffin waƙoƙi irin na marigayi Mamman Shata da Barmani Choge. Shata ɗan Musawa ne, Barmani 'yar Funtuwa, duk 'yan gida ne, kuma da wuya a tashi biki a ƙasar Katsina iyaye ba su nemi a taɓa musu su ba. Shi ya sa ƙungiyar da ba ta da mai kalangu ba ta cika samun aikin manyan gidaje ba.

A wani mako na Disamba, lokacin da bukukuwa ke cin karo da shirin Kirsimeti, aiki biyar ya hau kansa. Juma'a da la'asar akwai kamu a wani gida wajen Ƙofar Ƙaura. Asabar ƙarfe 10 na safe akwai ɗaurin aure a cocinsu. Asabar da dare akwai dina a Daura. Lahadi kuma sujada biyu, ta Hausa ƙarfe 7:30, ta Turanci ƙarfe 10. Babu hatsarin da aka yi, babu kayan da aka sace, kuma masu biki duka biyun sun yaba. Amma sujadar Hausa ta ɓaci har dattawan ikkilisiya suka kira shi bayan an tashi. Idan aka bi zaren abin da ya ɓata ta, za a tarar rabinsa tun ranar Alhamis aka ƙulla shi, ragowar kuma a daren Asabar.

Karɓar aiki

Shugaban ƙungiyar, wato mawaƙin, shi ya yi ciniki da masu bikin Daura ta waya, ya karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami. Cinikin ya tsaya a kan kuɗi kawai. Ba a tambayi wace wuta za a yi amfani da ita ba, ba a tambayi irin sifikun da za a yi haya a can ba, ba a yanke ƙarfe nawa kiɗa zai tsaya ba, ba a kuma ce ga inda mutum bakwai za su kwana ba. Waɗannan tambayoyi huɗu su ne ainihin ciniki a aikin da ke wajen gari, domin kowace a cikinsu kuɗi ce ko lokaci.

Shi kuma mai fiyano ya san mawaƙan coci da zumuntar mata suna gwaji ranar Asabar ƙarfe 4 na yamma, ya kuma san a wannan sa'ar yana kan hanyar Daura. Bai gaya wa shugaban mawaƙa ba, don yana ganin waƙoƙin Lahadi ai ya san su tun yana yaro. Taura biyu ba ta taunuwa, amma a sana'ar nan kusan kowa yana gwadawa, saboda makon da babu biki ya fi makon da ake da shi yawa.

Juma'a: lissafin wuta

Kamu shagalin mata ne, kuma lokacinsa a matse yake. Ba a fara kiɗa sai an idar da la'asar mata sun taru, a Disamba kuwa magariba tana yi a Katsina da ƙarfe 6 da 'yan mintuna, kuma da an kira salla dole a kashe komai. Ke nan awa ɗaya da rabi ce a hannu. An ba makaɗan gefen rumfa kusa da zaure, aka miƙo musu waya daga janaretan gidan mai ƙarfin kVA 2.5.

Janareta mai wannan lamba, abin da yake iya ɗauka a zahiri bai wuce kimanin wat 2,000 ba, kuma mai hankali ba ya ɗora masa fiye da kashi uku cikin huɗu na wannan. Kayan ƙungiyar kaɗai ba su da nauyi. Sifika biyu masu inci 15 da ke da amfi (na'urar ƙara ƙarfin sauti) a jikinsu, ko da an rubuta musu wat 1,000, idan ana kiɗa da ƙarfi kowace ba ta cika jan fiye da wat 300 ba. Amfin bes kamar 150, miksa da fiyano da akwatin makirfo mara waya duka ba su kai 100 ba. Jimilla wajen 850. Matsalar tana cikin gida: firiza biyu cike da lemo a kan layin, ga mai ɗaukar bidiyo ya zo ya soka fitilunsa biyu masu wat 500 kowace ba tare da ya tambayi kowa ba.

Firiza ba ta da ci sosai idan tana tafiya, amma duk lokacin da injinta zai tashi sai ya fizgi wuta ninki da yawa na ɗan ƙiftawar ido. A kan janaretan da ya riga ya cika, wannan fizga tana sa wutar ta faɗi. Sifika za ta ɗan yi tari ta ci gaba, amma fiyano kwamfuta ce, tana mutuwa ne ta sake tashi daga farko. Sau biyu hakan ta faru, ɗaya ana tsakiyar shigowar amarya. Mai kalangu ne ya rufa asiri, ya riƙe filin shi da mawaƙiya har fiyanon ta dawo.

Abin da aka yi nan take daidai ne: an roƙi uwar biki, "Hajiya, a taimaka a zare mana firizan nan zuwa magariba, in dai ba a buɗe su ba lemon ba zai huce ba," aka kuma sa mai bidiyo ya kashe fitila ɗaya. Maganin dindindin shi ne ƙaramar UPS (akwatin batir da ke riƙe wuta idan ta yanke) mai VA 650 da za a ɗora wa fiyano da miksa da akwatin makirfo kawai, ban da sifika, domin sifika za ta zuƙe batirinta cikin mintuna. Mutane da yawa suna sayen sitabilaiza su ɗauka sun gama. Ita tana gyara wutar da ta yi ƙasa ko ta yi sama ne a hankali, ba ta cike gurbin da wuta ta yanke. Wayar da za a jawo daga janareta ta zama mai kaurin murabba'in milimita 2.5, a kuma warware ta duka daga kan abin naɗinta, don wayar da ke naɗe tana ɗaukar zafi idan aka ɗora mata nauyi. Wajen kunnawa a fara da fiyano da miksa, sifika ta zo ƙarshe. Wajen kashewa sifika ce farko. Wanda ya juya wannan tsari shi ne ke jin wannan "dum" ɗin da ke yaga takardar sifika a hankali.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wanda zai sayi mai ya zama magana ta ciniki. Ƙaramin janareta irin wannan yana shan kamar lita ɗaya a awa, mai kVA 5 kuma yana kusantar biyu. In ba a faɗa tun farko ba, a kan makaɗa yake ƙarewa.

Asabar da safe

An sa ɗaurin auren coci ƙarfe 10, amarya ba ta iso ba sai 11:30, ba a fito ba sai wajen 2. Sauran 'yan ƙungiya sun riga sun ɗora kaya a a-kori-kura sun wuce tun ƙarfe 1. Shi ya bi su a motar haya da fiyano a kan cinya, kuma a garin sauri ya bar adaftarsa a jikin bango, sai da wani yaro ya bi shi da ita tasha a kan babur. Da ba a lura ba da aikin Daura ya tashi, domin Yamaha irin tasa, jerin PSR-S, volt 16 take ci, ƙananan PSR-E da suka cika gari kuwa 12 suke ci, kuma bakin adaftar ba ɗaya ba ne. Adafta ta biyu ta asali, wadda ke zaune cikin akwatin wayoyin ƙungiya ba ta fita, ta fi kowane ƙarin kaya amfani ga mai fiyanon da ke kiɗa wuri biyu.

Daura

Daga Katsina zuwa Daura kimanin kilomita 80 ne. Ya isa bayan la'asar, ya tarar an riga an jera kaya. Zauren irin na zamani ne, ƙasa tayil, gefe gilashi, sama sili mai santsi, wato babu abin da ke shanye sauti, duk abin da ya fita daga sifika sai ya dawo.

Mai hayar kaya ya kawo sifika shida marasa amfi a jiki, kowace om 8 (ma'aunin yadda sifika ke tare wutar da amfi ke tura mata), da amfi guda ɗaya mai hannu biyu, ya jona uku a kowane hannu. Lissafin ba shi da wuya: sifika biyu masu om 8 idan aka jona su gefe da gefe sun zama 4, uku sun zama ƙasa da 3, huɗu sun zama 2. A bayan amfin kuwa an rubuta kada a sauka ƙasa da 4. A lokacin gwaji komai lafiya, saboda ba a ɗaga murya ba kuma ba a daɗe ba. Sai da aka yi awa guda ana kiɗa, ango da amarya suna tsakiyar fili, amfin ya yi zafi ya kashe kansa. Ba lalacewa ya yi ba, kariyarsa ce ta yi aiki. Aka zare sifika ɗaya daga kowane hannu, aka juyo masa fanka, mai gabatarwa ya cika mintuna goma da barkwanci. Da sifika huɗu aka ƙarasa daren, kuma babu wanda ya ce sauti ya ragu. Yaron miksa ya kamata ya duba bayan amfi tun kafin a kunna, ya kuma sa ido a kan jar fitilar da ke gabansa. Idan tana kamawa tana daɗewa, an wuce iyaka, kuma ƙananan sifikun sama masu fitar da siririyar murya su ne ke fara ƙonewa.

Kukan makirfo shi ma ya dame su a farkon dare. Dalilinsa biyu ne a irin wannan zaure: mai gabatarwa yana yawo a gaban sifika, kuma yana dunƙule kan makirfon da tafin hannu, abin da ke sa ya riƙa ɗaukar sauti ta kowane gefe. A kan miksa, a danna maɓallin yanke ƙasa a duk layin murya don a zubar da abin da ke ƙasa da wajen hertz 100 (hertz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne), a ɗan rage tsakanin 2,000 da 4,000 inda siririn kukan ya fi zama, a kuma rage amsa-kuwwa, domin zauren da kansa yana bayar da ita kyauta. Kada a kammala saiti a zauren da babu kowa. Idan mutane suka cika da manyan riguna da lafaya, jikinsu yana shanye saman sautin, sai a sake taɓawa kaɗan. Batirin makirfo mara waya kuma a sa sabo mai kyau kafin a fara. Batir irin na alkaline yana kai awa shida ko fiye, na arha kuwa yana iya mutuwa kafin a yanka kek.

Yanzu ga abin da ya bi shi har coci. Waƙoƙin Hausa na situdiyo ana ɗaukar su ne da na'urar gyaran murya, kuma muryar mace a cikinsu tana zaune sama ƙwarai. Mawaƙiyar da ta sha ƙurar hunturu a tsakar gida ranar Juma'a ba za ta kai can ba ranar Asabar. Ta juyo ta ce, "Yaya, sauke mini ita kaɗan." Ya danna maɓallin Transpose sau biyu zuwa ƙasa, wato yatsunsa suna nan a F, ɗaya daga cikin wuraren da ake ɗora waƙa a fiyano, inda suka saba, amma abin da ke fita ya sauka da mataki biyu. Ya yi wa mai bes alama da yatsa biyu, shi ma ya sauka. Mai kalangu ba ruwansa, domin kalangu ba shi da murya tsayayya, matse tsirkiya ake yi yana bin hawa da saukar magana. Da yake za a maimaita waƙar wajen yanka kek, sai ya adana saitin a maɓalli na 1 cikin maɓallan Registration guda takwas da ke gabansa. Wannan maɓallin kuwa shi ne wanda ya saba dannawa a coci don muryar fiyano mai taushi. Saitin da aka adana a nan yana ɗauke da saukin da aka yi, kuma ba ya gogewa don an kashe fiyano.

Ba laifi ba ne amfani da Transpose. Yawancin masu fiyanon biki hannunsu ya fi sakewa a wuri biyu ko uku, kuma a tsakiyar rawa babu lokacin nuna gwaninta. Laifin shi ne haɗa kayan biki da na coci a rumbu guda.

Katin gayyata ya ce ƙarfe 7. Amarya ba ta fito daga wurin kwalliya ba sai bayan 9. Daga nan kuma liƙi ne ke yanke tsawon kowace waƙa: muddin wata Hajiya tana tsaye tana zaro kuɗi, waƙa ba ta tsayawa, mai fiyano yana juya gaɓa huɗu, mawaƙi yana wasa ta da danginta. A nan ƙungiyar ta yi abin kirki, domin tun da yamma mawaƙin ya zauna da wata ƙanwar uwar amarya ya rubuta sunayen manyan baƙi a takarda, da tsarin da za a bi. Wanda ya wasa amarya kafin uwargida a gidan da ake da kishi ya san abin da ya jawo wa kansa. Mutum ɗaya ne ke kwashe kuɗin liƙi a jaka, kuma ba a ƙirga sai a gaban mutum biyu. A tuna kuma sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da taka ta a wurin biki, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Faranti a gaban mawaƙi ya fi wa kowa kwanciyar hankali, kuma kuɗin ba ya ɓacewa a ƙarƙashin takalma.

An tashi 12:30. Naɗe waya da ɗora kaya ya kai su 1:30. Babban abokin ango, wanda cikon kuɗi ke hannunsa, wayarsa a kashe. Ba wanda ke ɗaukar kayan kiɗa ya hau hanya a wannan sa'ar, saboda haka suka kwana a ɗaki biyu da suka biya da kuɗinsu. Direba ya yi asuba aka tashi wajen 5:45, hazo ya rufe hanya ba a gudu, mai fiyano ya sauka a ƙofar coci 7:15 da barcin da bai kai awa huɗu ba.

Lahadi 7:30

Abu na farko da ya shigo da shi, bai san yana ɗauke da shi ba: kunnuwansa a toshe suke. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyakar desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, har ya zama a desibel 100 minti 15 ne kawai. Shi kuwa ya yi awa uku yana zaune tsakanin sifika da farantan jaz. Bayan irin wannan dare ji yana dusashewa na wasu awoyi, wani lokaci har kwana, kuma siririn sauti ne ya fi tafiya. Mai irin wannan kunne yana jin fiyanonsa ta yi ƙasa kuma ta dushe, sai ya ƙara murya ya ƙara kaifi. Ga tsofaffin da ke layin gaba, abin ya zama tsawa. Toshen kunne na soso da ake samu a kantin magani, da matsar da kujera ta koma bayan layin sifika maimakon gefensa, sun isa su rage wannan sosai. A safiyar da ta biyo bayan biki kuma, a bar wani mai sabon kunne ya tsaya a tsakiyar coci ya ce a ƙara ko a rage.

Aka sanar da waƙar farko daga littafin waƙoƙi. Ya danna maɓalli na 1, ya ɗora yatsu a F, ya bayar da shimfiɗa. Jama'a suka kama daidai da abin da suka ji, domin su ba ruwansu da sunan wurin. Amma mai bes na coci ɗan sakandare ne da ya haddace waƙar a F, kuma ba wanda ya ɗaga masa yatsa biyu. Shi yana F na gaskiya, fiyano tana mataki biyu a ƙasa. Yaron ya ɗauka shi ne ya ɓata, ya shiga lalube sama da ƙasa. Mai fiyano, da kunnensa a toshe, ya ɗauka yaron ne bai yi gwaji ba, har yana harararsa. Sai a baiti na biyu idonsa ya faɗa kan allon fiyano ya ga alamar saukin. Gyarawa a tsakiyar baiti kuma ya fi barin ta muni, saboda jama'a gaba ɗaya za su rasa inda suke. Abin yi shi ne a yi wa mai bes alama ya yi shiru har baitin ya ƙare. Shi kuwa ya mayar da ita nan take, rabin coci suka tsaya.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan zafi. Matan zumunta suka fito da tulunsu da caki, da sabuwar waƙar da suka gwada jiya ba ya nan. Su ba sa jiran fiyano ta ba su murya. Mai bayarwa tana ɗaukowa ne daga maƙogwaronta, kuma sau da yawa inda ta ɗauko yana faɗawa tsakanin maɓalli biyu na fiyano. Hanyar shiga irin wannan waƙa sananniya ce: a sauke murya ƙasa ƙwarai, a saurari inda amshi yake sauka a ƙarshen layi, a nemo wannan wurin da yatsa ɗaya, in an samu a shiga da hannun hagu kawai. In kuma ta faɗa tsakani, a ɗauke hannu a bar wa tulu. Shi kuwa hannun biki ne a jikinsa, sai ya kunna kiɗan da fiyano ke bugawa da kanta. Wannan kiɗan gudunsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, waƙar zumunta kuwa tana farawa a natse ne tana ƙara zafi yayin da rawa ke kamawa. Kafin a yi amshi uku sun rabu. Shugabar zumunta ta ɗaga hannu ta ce, "Ɗana, bar mana haka, mu da tulunmu."

A biki fiyano ce ke jan ragama, kuma duk gurbin da ta bari ana ganin kasawa ce. A waƙar jama'a aikinta kaɗan ne: ta buga layin ƙarshe na waƙar a matsayin shimfiɗa don a ji murya da gudu, ta riƙe gudun, ta bar wa mutane wurin numfashi a ƙarshen kowane layi. Muryar taro ba ta da faɗi, daga C ta tsakiya zuwa D ta sama ne yawanci suke sakewa, da sassafe a hunturu ma ƙasa da haka. Mai kiɗa wuri biyu yana buƙatar ko da minti goma shi kaɗai da fiyano kafin sujada don hannunsa ya sauya. Minti goma sha biyar ɗin da ya samu sun tafi a jona waya.

Sujadar Turanci ta tafi lafiya. Ya riga ya gyara saiti, kuma kiɗan matasa bai yi nisa da na daren jiya ba.

Lissafin kuɗi da abin da aka yanke

A ƙungiyar, ana fara cire kuɗin mota da mai da hayar sifika da batir da abinci, sannan a ware kason kaya don gyara da sayen sabo, sai a raba ragowar. Liƙi ana raba shi daban. Aikin Daura shi ne mafi tsoka a baki, amma da aka cire a-kori-kura zuwa da dawowa, da hayar kaya, da ɗakin kwana da ba a sa a ciniki ba, abin da ya shiga aljihun kowa bai fi na kamun Juma'a da wani abin kirki ba, alhali shi awa ɗaya da rabi ne a cikin gari. Cikon kuɗin ma sai Laraba ya zo, kuma da giɓi. Ciko ana karɓarsa ne kafin waƙar farko, ko a ƙalla kafin a yanka kek, daga hannun mutum ɗaya da aka ambata sunansa tun ranar ciniki. Da zarar amarya ta shiga mota, babu mai sauran ƙarfi a kan masu biki.

Dattawa sun yi masa faɗa, kuma a cikinsu akwai wanda dama bai so ganinsa a wuraren biki ba. Sai dai abin da cocin ke ba shi kuɗin mota ne, ba albashi ba, kuma da kuɗin biki yake biyan haya har ya sayi fiyanon da ake morewa ranar Lahadi. A ganinmu karɓar aikin Daura ba kuskure ba ne. Kuskuren shi ne riƙe sujadar 7:30 a hannunsa alhali ya san inda zai kwana. Da ya kira shugaban mawaƙa ranar Alhamis ya ce, "Baba, Asabar ba na gari, a ba yaro ta safe, ni zan karɓi ta ƙarfe 10," da babu abin da zai faru sai ɗan gunaguni.

A kan haka aka tsaya. Duk makon da zai kwana a wajen gari zai sanar tun Alhamis, kuma shugaban mawaƙa zai turo masa waƙoƙin da aka gwada ta WhatsApp, har da na zumunta, ko da muryar waya ce. A fiyano ya buɗe rumbu biyu, ɗaya na biki ɗaya na coci, ya kwafe su a filashi, ya kuma sa Freeze a kan Transpose a lokacin sujada don kada wani maɓalli ya sake sauya masa murya. Ya ɗauki ɗaya daga cikin 'yan mawaƙan yana koya masa a kan tsohuwar fiyanon cocin, ba da kiɗan inji ba, da hannu biyu kawai: waƙoƙin littafi guda goma da aka fi yi, a F da G da C, da yadda ake bayar da shimfiɗa, da lokacin da ake ɗauke hannu idan mata suka fito da tulu.